Katantanwar Wasaya

Wasaya mijin yayata ne, Jindan. Duk rijiyar da ka sha ruwanta a yankinmu na hamadar Rohi, in ba shi ya haƙa ba, to ubansa ne. Dogo ne siriri, ga sanyin magana, har sai ka ji kamar ka karɓe ka ƙarasa masa. Abin da ya fi ba ni haushi, ba ya fitowa daga rami hannu rabbana, kullum bakin rawaninsa a ƙulle da katantanwa da ƙayar kifi.

"Yaya Wasaya, miyar me za a yi mana da wannan tarkace?"

"Kai dai Faizu, cikinka ne kaɗai ke tunani," in ji shi. "Sauko ka gani."

Sau ɗaya na yarda aka zura ni cikin rijiya. Ya riƙa nuna mini bango muna sauka. Rairayi fari, ƙarƙashinsa baƙar laka mai katantanwa, sai rairayi kuma, sai wata lakar. Ya ɗanɗana lakar ya lumshe ido. Ya ce a da can nan kogin Hakra ne, a nan bauna ke kwanciya cikin ruwa, mata na wanki, kwale-kwale na wucewa ta saman kanmu. Wallahi sai da na ji sanyi a idon sawuna.

"Karɓa-karɓa suke yi, ruwa da rairayi," ya ce, "kamar mu a bakin rijiya. Raƙuman wane su sha, su ba na wane wuri. Rairayi ya daɗe a kan guga. Saura ruwa."

Da ya tsaya a zance da ba komai. Amma shekarar da Jindan ta rasu, muka ɗauki gawa za mu maƙabarta, can kan faƙon da iyayenmu ke kwance, sai mutumin nan ya tare hanya. Wai faƙon nan tsakiyar kogi ne, ba zai kwantar da matarsa inda ruwa zai bi ta kanta ba. Sai dai a kan tudun rairayi.

"Ka haukace ne? Wane kogi? Kakan kakanka ya gan shi?"

"Tana tsoron ruwa, Faizu. Ko tafki ba ta shiga ya wuce gwiwarta."

Gaskiya ne, tana tsoro. Muka hau tudu. Da babu dutse a kusa, sai ya zazzage tulun da yake tara katantanwa ya jera mata a kewayen kabari.

Daga nan ya ajiye diga. Kullum yana kan tudu, ya dasa ƙaya, ya ba ta ruwan da ya kamata ya sha, ya tara rairayin da iska ta kwashe. In na kai masa gurasar gero da madarar raƙumi, sai in iske shi yana kallon faƙo yana murmushi, wai yana jin ƙamshin laka. Ni kuwa ina tafasa, don na san tudu tafiya yake yi. Kowa a Rohi ya sani, har shi.

Wata bazara iska ta taso ta ƙi kwanciya. Da ta lafa muka fita, babu tudu a inda muka bar shi, ya matsa gaba ya canja kama. Muka tona nan, muka tona can, ba Jindan ba alamarta. Sai katantanwa warwatse ko'ina, rairayi na rufe su a hankali.

Na zo da baƙar magana cike da bakina. Na same shi zaune, ya tsufa a yini ɗaya.

"Ruwa na tsare mata," ya ce, "na manta har yanzu rairayi ne a kan guga."

Na zauna kusa da shi, zuciyata ta karye. Ya ɗauki katantanwa ɗaya, ya hure ta, ya mayar inda take.

"Bar su, Faizu, kada ka tsince. Wata rana wani zai haƙa rijiya a nan ya same su. Zai ce kogi ya taɓa wucewa."