Buhun Kaka a Cikin Asansar

Ina da shekara tara Kaka Tsahara ta zo daga Tasawa ta zauna da mu a unguwar Minguettes, cikin wani dogon bene, hawa na goma sha ɗaya. Babu murhu, don haka bayan magariba sai ta jingina da shofaj, ƙarfen ɗumama ɗaki, ta miƙe ƙafa, mu kewaye ta.

Wata Asabar ta matsa wa Baba ya kai ta inda ake kiwon dawakai wajen gari. Ta dawo da buhu cike da kashin doki, wai na ɗan lambun da ke bayan gininmu. Kafin a samo mabuɗin lambun, sai ta ce a hau da shi sama. A asansar, na'urar hawa bene, mutane suka toshe hanci. Wani ɗan ajinmu ya tambaye ni wace ce wannan, na ce masa da Faransanci, "Ban san ta ba." Wallahi har yau kunyar maganar nan ba ta sake ni ba.

Ba ta jin Faransanci, amma ta ga yadda na ja baya. Da yamma ta ce, "Zo nan, angona mai tsantsami. Ga ta nan, taka ce yau."

Wai manoma biyu ne. Bayan girbi Fulani suka nemi saukar da shanu a gonakinsu. Na farko ya ce wari, ya kore su, har ya share inda shanun suka tsaya. Na biyu ya ba su damin gero, suka yi rani a gonarsa. Da damina geronsa ya fi mutum tsawo. Mai shara ya zo yana roƙon sirri, aka ce masa, "Ai shi ka share."

Ta ja kunnena. "A bakin hanya kashi ne. Ya shiga gona, sunansa taki. Mai ɗaukarsa kuwa ba a ƙyamarsa, don shi ke ciyar da gari."

Yakuwar da ta shuka a lambun ta yi kyau a shekarar, har masu toshe hanci suka ci. Ta koma gida, ta rasu ban roƙi gafararta ba.

Yanzu ina da ɗan lambu a Montreuil. Bara na shiga jirgin metro da buhun taki, ƴata ta matsa can nesa. Ban yi mata faɗa ba. Da yamma na ce, "Zo nan, Tsahara, ki ji wadda kika ci sunanta."