Bis Ɗin Allon Jam'iyya

Duk sanda na ji ƙamshin sabulu a hannun mai aiki, sai rumfar kakana a Gazawa ta faɗo mini a rai. Kafinta ne, kuma ba ya murɗa bis cikin katako sai ya goga shi a guntun sabulu, wai don ya shige ba gardama. Bis kuwa, in ba ka sani ba, ita ce kusar nan mai zare da ake murɗawa da turnabis.

Ni ne jikan gida. Ni ke share masa garin katako tun ban iya ɗaura wando ba. Sai ga gwaggona ta turo ɗanta daga Gangara, wani siriri mai shirun tsiya, wai ya koyi aiki.

Shekarar da aka buɗe jam'iyyu ce, bayan taron ƙasa. Kowace jam'iyya na son allon kwano a ƙofar buronta, wato ofishinta, har cikin ƙauyuka. Aiki ya yi wa kaka yawa, idonsa kuma ya fara rauni. Ya ce yaro ɗaya zai riƙa bin sa a amalanke yana zaɓo masa bis. Wallahi ban ko yi tunanin akwai takara ba.

Ran nan da hantsi, ana zafin bazara, ya zazzage gwangwaninsa na bis a tabarma.

"Kwano zan kafa a jikin katako. Kowa ya miƙo mini."

Na yi wuf na ɗauko mafi tsawo, mai sheƙi, mai zare ƙanana. Ɗan gwaggo kuwa ya daɗe yana tono kamar kaza, ya kawo wani gajere mai zare warawara da 'yar roba a wuya.

Kaka ya shafa nawa da yatsa. "Abokina, wannan na ƙarfe ne. Katako ba ya riƙe shi, iskar farkon damina za ta yar da allon mutane." Ya shafa na ɗan gwaggo, sai ya miƙa masa turnabis mai jar ƙota, wanda ni ko taɓawa ba a bari in yi.

Kai, abin ya ci ni! Washegari ina tsaye da igiyar awaki suka wuce, yana zaune gefen kaka yana kaɗa ƙafa. Da yamma ya dawo da ƙuliƙuli, har da sammini. Na ba akuya.

Yau bis a leda yake zuwa, kowane da hotonsa, injin lantarki ke murɗa shi. Ko makaho ya zaɓa. Rumfar kaka kuwa ɗan gwaggo ne a cikinta, da furfurarsa, bayan gidana kaɗan. Muna gaisawa lafiya lau.

Bara da zan sa ƙofar zaure, kafinta na ɗauko tun daga Maradi. Ƙofar na cijewa duk damina, sai na sa kafaɗa. Na gwammace haka.