Darar Malam Labbo da Haliru

Malam Labbo ba ya barin abu a kunne. In ya tashi alwala sai ya kashe rediyo, ko ana tsakiyar labarai. Mai awon hatsi ne a Tudun Wada, nan Gusau, kuma duk wanda ya taɓa zama a rumfarsa ya san wannan hali.

Abokin dararsa Haliru ne. Tun suna samari suke haƙa gurabu a ƙasa bayan la'asar, ɗaya da tsakuwa, ɗaya da 'yan itace. Da ƙafa ta fara gaza Haliru, 'ya'yansa suka mayar da shi gida 'Yandoto, wajen Tsafe. Hanyar kuwa ba kullum ake son binta ba. Dara ta tsaya.

Wasila, ɗiyar Labbo da ke aikin jinya a Bungudu, ita ta kawo masa 'yar na'urar wasa ta riƙewa a hannu, ta aika wa Haliru irinta. Akwai wasa a ciki mai kama da dara. Na'urar ba ta da layin kanta, sai an kunna data a waya ta ɗebo daga can, ba igiya. Wasila ta sa musu data ta wata-wata, ta nuna musu inda ake taɓawa.

To, Labbo mai dogon nazari ne kafin ya motsa ɗa. In tunani ya zo, sai ya miƙa hannu ya kashe datar, don a ganinsa ƙonewa take a banza. In ya kunna, ya tarar wasa ya watse, ya ɗora wa sabis laifi. A can 'Yandoto kuwa na'ura cewa take abokin wasa ya fita. 'Yan dara sun san abin da ake nufi in mutum ya tashi ana tsaka da wasa ba sallama.

Haliru ya daina shiga. Daga baya ya daina ɗaukar waya.

Sai da Wasila ta zo hutu ta ga yadda uban ke yi. "Baba, ai kai ke tashi ka bar shi!"  Da safe Labbo ya hau motar Tsafe, sai gidan Haliru.

"Ga sarkin gudu ya iso," in ji Haliru, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ni? Tunani nikai."

"Wane irin tunani na wanga, da kashe abu?"

"Tattalin abin yarinya nikai."

"Zamna, tsoho, in cinye ka ga ƙasa, inda babu makunni."

A ranar Labbo ya lura sabis ba ya shiga ɗakin Haliru. Kullum sai Haliru ya dogara sanda ya ja ƙafar nan har ƙofar gida, ya zauna yana jiran Labbo ya dawo wasa. Labbo ya daɗe yana kallon tazarar.

Ya dawo ya sa Wasila ta samo ɗan akwatin intanet, shi kuma ya sayi doguwar gora da zai kafa kusa da tagar Haliru, ya rataye akwatin a samanta, don abokinsa ya yi wasa daga kan gado. Labbo na cikin kankare gaɓoɓin gorar ciwo ya kwantar da shi, farkon damina, bai tashi ba. Allah ya jiƙansa.

Gorar tana jingine a zaurensa, rabinta sumul.