Sha Biyu Bisa Ashirin

A shekarar fari ta biyu ina aiki a gandun renon itatuwa na wani furoje, wato shirin raya karkara, a Mirriya. Aikina ban ruwa: in ja daga rijiya, in cika arazuwar, butar ban ruwa ke nan, in bi layukan dashe. Da bazarar nan rijiya ta ja baya har guga yana dawowa da laka. A bazarar ce kuma mai ɗakina ta kwanta. Na yi ta kai da kawo da ita gidan likita a Damagaram, Allah bai yi za ta tashi ba. Ta bar mini yara biyu.

Ba a daɗe da sadakar arba'in ba shef, shugaban gandun, ya tara mu a rumfa. Ya ce za a sallami rabinmu, amma ba shi zai zaɓa ba. An aiko takarda daga sama: kowa ya auna aikinsa da kansa, ya ba kansa maki bisa ashirin, ya rubuta dalili. Masu maki mai yawa su ne za su zauna.

Na kai takardar gida, na karanta da ɗan Faransancin da na samu a lakwal. Ta tambayi ko na cika aikin da aka ba ni. Dashen da ya mutu a hannuna ya fi wanda ya rayu, to ni na hana ruwa sauka? Ta tambayi halayena nagari. Tun ina yaro ake gaya mini yabon kai jahilci, yanzu da furfura ta fara fito mini an ce in zauna in yi wa kaina kirari, ba maroƙi ba ganga. Ta tambayi dalilin fashin aiki, ta bar mini layi ɗaya. Na daɗe ina duban layin nan. Matar da ko sunanta ban taɓa kira a gaban mutane ba, ita zan sa a takarda don in ci abinci?

Taubashina, ɗan kawuna, tare muke aiki. Washegari ya iske ni bakin rijiya.

"Bawana, nawa ka ba kanka?"

"Ban rubuta ba. Kai fa, maigidan ƙarya?"

"Na sa tara, na goge, na sa goma, kunya ta kama ni, na goge. Takardar ta kusa hujewa." Sai ya ce, "Kawo taka. Mutum ba ya aske ƙeyarsa. Ka cika tawa, in cika taka."

Haka muka yi, kafin azahar rabin gandu sun yi koyi da mu. Na ba shi sha takwas, ban ji nauyin komai ba, don gaskiya na rubuta. Shi ma sha takwas ya ba ni. A layin fashi ya rubuta cewa iyalina ce ta yi jinya ta rasu. Na karanta, na ninke, muka kai wa shef takardun.

Shef ya gane rubutun hannunmu. Ya kira mu biro, ofishinsa, ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kaina.

"Malam, an ce ka auna kanka, ba a ce ka ɗauko maroƙi ba."

Na girmama shi da Faransanci, na ce, "Mushe, kai ka san aikina. Ka sa abin da ka gani."

"Ba a ba ni wannan ikon ba."

"To shaidar ɗan'uwana ba shaida ba ce? Ko gaban alƙali wani ke yi wa mutum shaida."

"Takarda ba alƙali ba ce. Ga sabuwa, cika a gabana."

Ya miƙo mini alƙalami. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tuna yarana, na ce wa hannuna ya rubuta sha takwas, ya ƙi. Na ga layukan dashe busassu. Na sa sha biyu, ina ganin ko a ciniki mai kaya in ya yi kawaici akan ƙara masa. Layin fashi na bar shi fari.

Ba wanda ya ƙara mini. Aka jera makin yadda kowa ya rubuta, aka ja layi a tsakiya. Wani da ke barci a inuwar rumfa tun hantsi ya ba kansa ashirin cif, ya zauna. Taubashina ya sa sha ɗaya. Tare muka maida arazuwar ɗinmu, muka fito.

A hanya ya ce, "Sha biyu! Ashe kai ma ɗan fariya ne, har ka fi ni da ɗaya."

Na so in yi dariya. Muka rabu a tasha, na nufi gida ina neman abin da zan faɗa wa yaran, don da can uwarsu ce ke iya faɗa musu irin wannan.