Kujerar Cleophus a Turmi na Tara

Cleophus Tibbs bai taɓa zama har ƙarshen dambe ba, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Da ya ga inda nasara ta karkata, sai ya yi wa wanda ake duka ihu, ya ɗauki hularsa ya fita, don ya riga cunkoso fitar da motarsa. Rabin 'yan kallon Philadelphia ta Amurka haka suke. Sai babban wasa ya kusa suke zuwa, mai kare fuskarsa su kira shi matsoraci, wanda ya faɗi kuwa ba su san shi ba.

"Duka na je gani, ba rawa ba," yake cewa a shagon aski. "In an gama duka, zaman me zan yi? Ta'aziyya?"

Direban bas ne. Ɗa guda gare shi, Rennard, wanda ya tashi ɗan dambe mai taka-tsantsan: ya kai naushi, ya goce, ya ci wasa da maki, fuskarsa sumul. Jama'a su yi ta yi masa ihu. Uwarsa Verline ba ta zuwa kallo, amma ita hakan ya fi mata.

"Baba, na ji muryarka cikin masu ihun," in ji Rennard wata Lahadi, suna cin soyayyar kaza bayan coci.

"To kai ma ka tsaya ka yi faɗa mana. A ƙasar nan ba mai tuna mai gudu."

"Cleo, bar mini ɗa ya ci abinci," in ji Verline. "Kan nan da yake karewa, ni na haife shi."

Maganar uban ce ta shige shi. Ya daina gocewa, ya koma a ba shi ya rama. Ihu ya zama tafi, sunansa ya fito, har aka haɗa shi da wani ɗan Sheffield ta Ingila a Atlantic City.

'Yan Ingilan suka biyo nasu a jirage, dubbansu, da ganguna da tutoci. Tun wasan share fage sun cika kujerunsu suna waƙa, ɓangaren 'yan gida kuwa wayam. Cleophus ya iso a makare, ya dube su ya taɓe baki. "Waɗannan dambe suka zo ko biki?"

Daga turmi na biyar aka fara fin ƙarfin Rennard. Idonsa na hagu ya rufe, amma ya ƙi ja da baya. A turmi na tara 'yan gida suka soma miƙewa. Ranar Cleophus bai yi ihu ba. Ƙafafunsa dai suka yi abin da suka saba. Ya ce a ransa gara ya fitar da motar, ya jira ɗansa a ƙofar baya.

Yana cikin mota ya jiyo waƙa ta cika ginin, ya ce masu biki sun samu yadda suke so. Sai motar asibiti ta wuce shi da jiniya.

Jini ne ya taru a ƙwaƙwalwa. Rennard ya rayu, amma magana ta tafi, hannun dama ma haka. A asibiti wani ƙaton ɗan Ingila mai jar fuska ya zo da furanni yana neman uban.

"Dattijo, kai ne mahaifinsa? Ka haifi namiji. Da ya faɗi duk muka miƙe tsaye muka yi tsit. Da aka ɗauke shi, sunansa muka yi ta rerawa har aka fita da shi. A ina ka zauna? Ban ga kowa a ɓangarenku ba."

"Ina mota," in ji Cleophus.

Mutumin ya ajiye furannin ya tafi.

Verline ba ta taɓa yi masa gori ba. Ta dai daina tambayarsa komai. Shi ke yi wa Rennard wanka, shi ke ba shi abinci a baki. Ya kalli faifan wasan har ya gaji: a nuna faɗuwar, a koma kan ɗan Sheffield, sai talla. Wanda ya san abin da ya faru a tsakani yana zaune a gabansa, ba ya iya faɗa.

Yanzu Cleophus ya tsufa, gwiwoyi sun ƙi. Amma duk sanda ya ji 'yan Ingila sun biyo wani ɗan dambensu nan gabashin Amurka, sai ya hau jirgin ƙasa ya je mashayar da suke taruwa da rana, yana bin tebur-tebur da hoton Rennard. Yawancinsu samari ne, ko sunan ba su sani ba. Sukan ba shi kujera, su saya masa giya, ya bar ta nan.

"In da wanda yake wurin ranar, ko babansa, ku tambayar mini," yake cewa. "A layi na shida nake, kusa da kusurwarsa. Kafin ya faɗi, ko bayan ya faɗi, ya juyo ya duba wajen? Kada ku tausaya mini. Yadda aka yi za ku faɗa."