Tudun Babban Yatsa

Ranar Asabar ɗin da aka kwance mini ɗori, a daminar da nake aji huɗu, na kalli hannuna na dama a tsakar gidanmu na Bagama, na fashe da kuka. Ƙashin da na karya garin tsinkar mangwaro ya haɗe, amma hannun ya tsotse. Tudun naman nan na gindin babban yatsa ya lotse, tsakanin ƙasusuwan bayan hannu ya yi rami. Na yi na yi in ware yatsuna, suka ƙi.

Ba riƙon fensir ne ya dame ni ba, 'yar carabke ce. Kafin faɗuwata babu yarinyar da ke ja da ni a layinmu: in watsa duwatsu sama, in juya hannu su sauka a bayansa, in sake cillawa in cafke. Yanzu kuwa Talatu 'yar maƙwabtanmu ta mai da ni mai tsinto musu duwatsun da suka gangara kwata. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Kakata Iya ba ta iya lallashi ba. Ta murza tafina ta ce, "Naman ne ya yi barci, aiki zai tashe shi." Ta tura mini kwaryar gyaɗa in ɓare, ta ba ni tsintar shinkafa, ta karɓo yumɓu wurin wata mai tukwane daga Izom, in yi ta matsawa tsakanin yatsu ina ƙunƙuni. Sai da na girma na san abin da muke tashi: ƙananan tsokoki ne a cikin tafin kansa. Na tudun nan su ke kai babban yatsa ya taɓa kan sauran, na tsakanin ƙasusuwa kuma su ke ware yatsu su haɗa su. Ba su da ƙarfin a-zo-a-gani, amma in babu su ko allura ba ta ɗaukuwa.

Ana girbin dawa na koma dandali. Talatu ta miƙo duwatsun tana dariya. Na watsa, na juya, yatsuna suka buɗe kamar mafici, ko ɗaya bai faɗi ba. Na cinye ta har ta ce ana kiranta a gida! Na ruga gida ina ihu, Iya ta ce, "To, ga sauran gyaɗa can."

Yau 'yata da babban yatsa kawai take wasa, a kan fuskar waya, kuma Iya ta daɗe a ƙasa. Wani lokaci a motar Abuja nakan danna tudun nan, in ji shi cike. Aikin Iya ne, har yanzu yana hannuna.