Ranar da Inna Ta Sa Ni Addu'a

Jiya a Keke Napep wata yarinya ta ce wa wata dattijuwa "kai" maimakon "ke", mutane suka kwashe da dariya. Nan take na tuna surukata, Inna, wadda ta rasu bara.

Ni Gbagyi ce daga Paiko. Da aure ya kawo ni Limawa, Hausata ta zama abin dariyar matan gida, har na daina magana, sai dai in gyaɗa kai.

Ranar wata walima, tsakar gida cike da mata da hayaƙin turaren wuta, Inna ta ce ni zan yi addu'a.

Na raɗa mata, "Inna, dariya za su yi."

Ta kama hannuna da tafinta mai ƙanshin man kaɗe. "'Yar nan, harshe nawa kike ji?"

"Uku."

"Su kuwa ɗaya suke ji. Wanda za ki roƙa kuma shi ya halicci bakinki. Bismillah."

Na yi addu'ar. Amin ɗinta ya fi na kowa ƙarfi.

Yau ni ke biya wa matan unguwa karatu, amma har yanzu nakan waiga ina neman wannan amin ɗin. Allah ya haskaka kabarinki, Inna, ya sada mu a Aljanna.